Yadda za ka raba fayil a sabarka, kowane abokin ciniki da kalmar sirrinsa

Mai ɗaukar bidiyon biki a Kaduna yakan gama aikin kamu da wuni da dina ya tarar da fayil ya kai gigabait goma ko fiye. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a saƙo ɗaya. WhatsApp kuma, in ba a matsayin takarda ka tura hoto ba, matse shi yake yi har kyansa ya ragu. Sai mutum ya ɗora a wani wuri ya tura mahaɗi, mahaɗin ya shiga zauren ƙawayen amarya, daga can ya faɗa zauren da ba wanda ya san su waye a ciki. Hotunan matan aure da aka ɗauka a cikin gida, a wurin da ba namiji, su ne suke yawo haka. Abin yana damuna ƙwarai, domin amana ce aka ba mai kyamara. Haka lamarin yake ga mai zanen gini a Unguwan Rimi da zai tura taswira, da akanta mai riƙe da lissafin 'yan kasuwa, da makarantar da take raba sakamakon jarrabawa.

Wannan jagorar ta wanda yake da ƙaramar saba ce ta haya mai Ubuntu, 22.04 ko 24.04, kuma ya iya shiga cikinta ta SSH. Da Apache za mu yi aikin. Abin da muke nema shi ne kowane abokin ciniki ya samu foldarsa, da sunansa, da kalmar sirrinsa, kuma duk abin da zai wuce tsakaninsa da sabar ya tafi a ɓoye. Kalmar sirri guda da kowa ya sani ba tsaro ba ce. Tsarin gidan haya za mu bi: maigida yana da makullin kowane ɗaki, ɗan haya kuma na ɗakinsa kaɗai.

Shirya ƙasa

Kana bukatar sunan yanki. Idan na Najeriya kake so, mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, ana saye ne daga dillalan da hukumar NiRA ta amince da su. A nan zan yi amfani da ajiya.misali.com.ng, kai sai ka sa naka a gurbinsa duk inda ka gan shi. Shiga shafin da kake sarrafa sunan yankin, ka ƙara rikodin A wanda yake nuna lambar IP ta sabarka. Wani lokaci yakan kama cikin 'yan mintuna, wani lokaci sai an jira sa'o'i.

Kafin ya kama, saka abubuwan aiki:

```
sudo apt update
sudo apt install apache2 apache2-utils
sudo ufw allow OpenSSH
sudo ufw allow 'Apache Full'
sudo ufw enable
```

Lura da jerin: a buɗe wa SSH hanya tukuna kafin a kunna katangar ufw, in ba haka ba za ka rufe kanka a waje. Fakitin apache2-utils kuwa shi ne mai ɗauke da htpasswd, manhajar da za ta haɗa mana fayil ɗin kalmomin sirri.

Sai wurin ajiya:

```
sudo mkdir -p /var/www/ajiya/bikin-malali
sudo chown -R $USER:www-data /var/www/ajiya
sudo chmod -R 750 /var/www/ajiya
```

Da haka kai ne mai rubutu a ciki, Apache da yake aiki da sunan www-data karatu kawai yake yi, sauran masu asusu a sabar ko leƙawa ba za su yi ba.

Kada ka loda ko hoto ɗaya yanzu. A saitin da Ubuntu yake zuwa da shi, duk abin da yake ƙarƙashin /var/www a buɗe yake ga kowa, har da nuna jerin abin da yake cikin folda. Sai an gama kullewa an gwada sannan kaya su shigo.

Ƙirƙiri fayil ɗin shafin da `sudo nano /etc/apache2/sites-available/ajiya.conf`, ka rubuta:

```
<VirtualHost *:80>
    ServerName ajiya.misali.com.ng
    DocumentRoot /var/www/ajiya
</VirtualHost>
```

Ka kunna shi da `sudo a2ensite ajiya`, sannan `sudo systemctl reload apache2`.

HTTPS tukuna, kalmar sirri daga baya

Nan ne mutane da yawa suke tsallakewa, kuma nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe. Tsarin tantancewar da za mu yi amfani da shi, wanda Apache yake kira Basic, ba ya ɓoye kalmar sirri. Burauza tana haɗa suna da kalmar, ta sa digo biyu a tsakaninsu, ta juya su zuwa rubutun base64, ta tura tare da kowace buƙata. Gwada ka gani da idonka:

```
echo -n 'biki:12345' | base64
```

Zai ba ka `YmlraToxMjM0NQ==`. Ga ido kamar an ɓoye wani abu. To ɗauki wannan rubutun ka mayar:

```
echo 'YmlraToxMjM0NQ==' | base64 -d
```

Ga `biki:12345` ya dawo sarai, ba a nemi makulli ba, ba a fasa komai ba. Ke nan idan shafinka http ne tsura, duk wanda yake iya sauraren hanyar, misali mai kula da Wi-Fi na otal ko na shagon buga takardu, zai karanta sunan da kalmar kamar yadda ka karanta yanzu. HTTPS ne yake lulluɓe tafiyar gaba ɗaya, har da wannan layin.

Takardar shaidar kyauta ce daga Let's Encrypt, kuma Certbot ne yake karɓo ta:

```
sudo apt install certbot python3-certbot-apache
sudo certbot --apache --redirect -d ajiya.misali.com.ng
```

Zai nemi imel ɗinka, ya nemi ka amince da sharuɗɗa, sannan ya tabbatar sunan yankin naka ne. Idan ya ƙi, mafi yawanci rikodin A ne bai kama ba tukuna, ko tashar 80 tana rufe. Wannan `--redirect` ɗin kada ka bar shi: shi ne yake sa duk wanda ya shigo ta http a juya shi zuwa https tun kafin a tambaye shi kalmar sirri. Takardar ta kwana 90 aka saba bayarwa, Certbot kuma yana sabunta ta da kansa. Tabbatar da hakan da `sudo certbot renew --dry-run`.

Fayil ɗin makullai

Fara da asusunka na maigida:

```
sudo htpasswd -c -B /etc/apache2/.makullai maigida
```

Zai ce ka rubuta kalmar sau biyu, kuma ba za ka ga ko tauraro a allo ba yayin da kake bugawa. Haka yake, ba matsala ba ce. Harafin `-B` yana cewa a adana kalmar da bcrypt, wanda aka yi shi da gangan ya zama mai nauyin lissafi, domin ko an sace fayil ɗin, gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya ya ci lokaci mai yawa. Harafin `-c` kuma ƙirƙirar sabon fayil yake yi. Sau ɗaya tak ake amfani da shi. Idan ka sake sa shi ranar da za ka ƙara mutum na ashirin, zai shafe goma sha taran da suke ciki ba tare da ya tambaye ka ba. Don haka na biyu da duk masu biyo baya haka ake ƙara su:

```
sudo htpasswd -B /etc/apache2/.makullai bikin-malali
sudo chown root:www-data /etc/apache2/.makullai
sudo chmod 640 /etc/apache2/.makullai
```

Fayil ɗin yana /etc/apache2 ne da gangan, nesa da foldar da ake gani ta intanet. Idan ka buɗe shi za ka ga kowane layi suna ne, da digo biyu, da wani dogon rubutu mai farawa da `$2y$`. Daga wannan rubutun ba a dawo da kalmar. Wanda ya manta tasa, sabuwa za ka yi masa da umarnin da ka ƙara shi da shi.

Batun zaɓen kalmar kuma, kada ka bari abokin ciniki ya zaɓa, domin sunan amarya da shekarar biki zai ba ka, ko lambar wayarsa, kuma duk wanda ya riƙe katin gayyata ya san su. `openssl rand -base64 12` yana fitar da haruffa 16 da ba wanda zai cinka, amma karanta su a waya ga dattijuwa wahala ce. Abin da na fi so shi ne kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, da lamba a ciki, kamar tsintsiya-jirgi-47-gyada-madubi. Kada ka yi amfani da wannan ɗin kansa tunda yanzu kowa ya gani. Ka kuma guji haruffa masu ƙugiya a cikin kalmar sirri, irin ƙ da ɗ da ɓ, saboda ba kowace waya ce take da su a madanninta ba, sai mutum ya buga k a gurbin ƙ ya yi ta mamakin abin da ya hana shi shiga.

Ɗaura kowace folda da mai ita

Jagorori da dama za su ce ka jefa fayil ɗin .htaccess a cikin foldar. Yana aiki, amma an yi shi ne don wanda ba shi da ikon taɓa babban saiti. Tunda sabar taka ce, sa dokar a inda ba za a goge ta bisa kuskure ba yayin share kaya. Buɗe `sudo nano /etc/apache2/conf-available/ajiya-tsaro.conf`:

```
<Directory /var/www/ajiya>
    Options -Indexes
    AllowOverride None
    AuthType Basic
    AuthName "Ajiyar abokan ciniki"
    AuthUserFile /etc/apache2/.makullai
    Require user maigida
</Directory>

<Directory /var/www/ajiya/bikin-malali>
    Options +Indexes
    IndexOptions FancyIndexing NameWidth=* Charset=UTF-8
    Require user bikin-malali maigida
</Directory>
```

Sashe na farko ya kulle komai, ya ce maigida kaɗai. Amfaninsa shi ne, idan gobe ka buɗe sabuwar folda ka manta ba ka rubuta mata doka ba, a kulle za ta zauna, ba a buɗe ba. Sashe na biyu ya gaji sauran saitin daga na farko, ya canza masu izini kawai, ya kuma yarda a nuna jerin fayiloli da cikakken sunansu da girmansu.

Wurin da ake yawan zamewa shi ne `Require valid-user`. Za ka gan shi a kusan kowane misali a intanet, kuma ma'anarsa duk wanda sunansa yake cikin fayil ɗin makullai ya shigo. Idan ka sa shi, mutanen bikin Barnawa da kalmarsu za su buɗe foldar bikin Malali muddin sun cinki sunanta. `Require user` da sunan mutum shi ne abin da ya raba su. Duk sabon abokin ciniki, abu uku ke nan: folda, suna a fayil ɗin makullai, da sashe irin na biyu.

Na ajiye dokar a conf-available ne domin ta hau kan foldar ko ta wace ƙofa aka biyo, ta 80 ko ta 443. Kunna ta:

```
sudo a2enconf ajiya-tsaro
sudo apachectl configtest
sudo systemctl reload apache2
```

Kada ka sake loda Apache sai ka ga `Syntax OK`. Idan akwai kuskure, zai gaya maka fayil da lambar layin.

Gwaji kafin kaya su shiga

Burauza tana riƙe abin da ka taɓa shigarwa, tana iya ruɗa ka. Curl ba ya riƙe komai:

```
curl -I https://ajiya.misali.com.ng/bikin-malali/
curl -I -u bikin-malali https://ajiya.misali.com.ng/bikin-malali/
curl -I http://ajiya.misali.com.ng/bikin-malali/
```

Na farko 401 ya kamata ya bayar, wato an ƙi. Na biyu zai tambayi kalmar, ya ba da 200. Na uku 301, da layin Location mai nuna adireshin https. Sai ka ƙirƙiri wani suna na gwaji ka nemi shiga foldar Malali da shi, dole a ƙi shi. Wannan gwajin na huɗu shi ne ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa.

Idan ka samu 500, duba `sudo tail /var/log/apache2/error.log`. Sau da yawa za ka ga layi yana cewa ya kasa buɗe fayil ɗin kalmomin sirri, ko dai an yi kuskuren harafi a hanyar AuthUserFile, ko www-data ba shi da izinin karantawa. Idan 403 ne bayan ka shiga da kalma daidai, izinin foldar ne, ko ba a sa `+Indexes` ba.

Yanzu loda kaya. FileZilla da WinSCP duk suna aiki ta SFTP da asusun da kake shiga SSH da shi. Ga manyan fayiloli, ganin yadda wuta da sabis suke ɗaukewa a tsakiyar aiki, rsync ya fi:

```
rsync -avP bidiyon-kamu.mp4 sunanka@ajiya.misali.com.ng:/var/www/ajiya/bikin-malali/
```

Wannan `-P` yana nuna ci gaba, kuma yana ajiye abin da ya riga ya tafi. In an yanke, sake umarnin kawai, ba sai data ɗinka ta sake tafiya a kan abin da ya isa ba. Ta ɓangaren mai saukewa ma Apache yana yarda a ci gaba daga inda aka tsaya. Duk da haka ka tausaya wa mai sayen data: raba kamu daban, wuni daban, ka haɗa hotuna a zip, ka ajiye ƙaramin kwafin bidiyo na kallo a waya kusa da babban. Sunan fayil kuma ba tazara, ba ƙugiya.

Miƙa makulli

Adireshin ya bi ta WhatsApp, kalmar sirri ta bi wata hanya. Idan suka zauna a saƙo ɗaya, danna turawa sau ɗaya ya watsa su tare. Ni kira nake yi:

"Hajiya, barka da yini. Kun ga adireshin da na turo? In kun danna, wani ɗan akwati zai fito mai gurbi biyu. Na sama ku rubuta bikin-malali, duk da ƙananan baƙi. Na ƙasa kuma ku samo biro in karanto muku."

"To, in ƙanwar ango ta tambaya in ba ta?"

"A'a Hajiya, ku turo min ita, in kun amince sai in buɗe mata nata."

Buɗe mata nata layi ɗaya ne na htpasswd da ƙara sunanta a `Require user`. Ribar ita ce, a /var/log/apache2/access.log kowane saukewa yana fitowa da sunan wanda ya yi shi da lokaci, kuma kana iya cire mutum ɗaya ba tare da ka taɓa sauran ba.

Akwai abin da ya wajaba ka gaya wa kowa: wannan tsarin ba shi da maɓallin fita. Burauza tana riƙe kalmar har sai an rufe ta gaba ɗaya, ba rufe shafin kaɗai ba. Wanda zai je shagon kwamfuta a Kasuwar Barci ko kan titin Ahmadu Bello domin a buga masa hotuna, ya buɗe tagar sirri ta burauza, ya ƙi yarda ta adana kalmar, ya rufe ta kafin ya tashi, ya kuma goge abin da ya sauke a kwamfutar shagon. Abin da ya riga ya sauka kuwa ya fita daga hannun sabarka. Kalmar sirri tana tsare ajiya ne, ba ta hana wanda aka ba izini ya tura wa wani.

Masu gwada sa'a

Saba tana fara aiki, manhajoji masu yawo a intanet suke fara ƙwanƙwasa ta, dare da rana. Apache shi kaɗai ba ya ƙirga sau nawa aka gwada kalma. Fail2ban ne yake karanta rajistar kurakurai ya toshe mai naci. Saka shi da `sudo apt install fail2ban`, ka rubuta wannan a /etc/fail2ban/jail.local:

```
[apache-auth]
enabled = true
maxretry = 6
findtime = 10m
bantime = 30m
```

Sai `sudo systemctl restart fail2ban`. Na taƙaita lokacin toshewar da gangan. Kamfanonin layin waya sukan haɗa masu amfani da yawa a kan lambar IP guda, don haka doguwar toshewa tana iya kama wanda bai ji ba bai gani ba. Idan abokin cinikinka ne ya toshe kansa da kuskuren bugu, `sudo fail2ban-client set apache-auth unbanip` tare da lambar tasa zai sake shi.

Idan ba Apache kake da shi ba

A Nginx layi uku ne a cikin sashen `location` na foldar: `auth_basic "Ajiya";` da `auth_basic_user_file` mai nuna fayil ɗin makullai, da `autoindex on;`. Bambancin da za ka kiyaye shi ne Nginx ba shi da `Require user`, duk wanda yake cikin fayil ɗin ya shiga, saboda haka kowace folda sai ka yi mata nata fayil ɗin daban. Mai hayar wuri mai cPanel kuma ya nemi Directory Privacy a sashen fayiloli, ya zaɓi folda, ya kunna kariya, ya ƙara suna da kalma. Shi ma ya tabbatar takardar SSL tana aiki kuma an tilasta https kafin ya raba adireshi.

Rufe aiki

Tun ranar miƙawa ka sanar da wa'adi, mako biyu ko wata guda, gwargwadon yarjejeniyarku. Hotunan mutane da takardunsu bayanan sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, kuma ɗaya daga cikin ƙa'idojinta shi ne kada a riƙe bayani fiye da lokacin da ake bukatarsa. Faifan saba ma kuɗi ne duk wata. Idan wa'adi ya cika, ka kira ka tabbatar sun sauke komai kuma yana buɗewa a wajensu, ka duba kwafinka na faifan waje yana nan, sannan:

```
sudo htpasswd -D /etc/apache2/.makullai bikin-malali
rm -r /var/www/ajiya/bikin-malali
```

Cire sunan yana aiki nan take, domin Apache yana duba fayil ɗin makullai a kowace buƙata. Karanta hanyar da ka rubuta bayan `rm -r` sau biyu kafin ka danna, saboda abin da ya goge ba ya dawowa. Daga nan ka cire sashen foldar daga ajiya-tsaro.conf, ka yi `configtest`, ka sake loda Apache, ka kuma gwada tsohon sunan da curl ka ga ya ba da 401.